Shekarar da Aka Sa Goronyo a Allo

Da sunan Allah nake ɗorawa daga inda na tsaya. Na zo kan shekarar da kowannenku yake da nasa labarin a kanta. Na ji abin da ake faɗa, don bangon gidan nan ba shi da kauri. Wasunku na cewa ni na hana yayarku Kulu cin moriyar aikinta. Wasu na cewa tsoron Baffanku na Goronyo ne ya sa na yi abin da na yi. Ƙananan cikinku ba su ma san an yi ba, sai dai su ga yadda babanku ke riƙe waya ranar Juma'a su yi ta dariya. To ga yadda abin ya faru, kamar yadda idona ya gani. Kuma ku lura, yau na rubuta sunan Kulu, sunan da bakina bai taɓa kira ba saboda 'yar fari ce. Biro ba shi da irin kunyata.

Kakanku ya rasu ya bar sana'ar albasa da tafarnuwa da 'ya'ya maza uku, kuma ba su raba ba. Baffanku, babban cikinsu, yana Goronyo kusa da masu noman rani na bakin dam. Babanku yana nan Wurno a gidan gado. Autansu Sani yana Rabah. Kowa da rumbunansa da sitonsa, amma tukunya ɗaya ce. Abin da ya riƙe su shi ne Juma'a. Duk mako Baffa da Sani sukan zo Wurno, a yi salla tare, a dawo a shimfiɗa tabarma a zaure, in aika da tuwon shinkafa da miyar sure. Ni kuma ina zaune bayan bangon zauren ina tsince wake, don haka babu zaman da ya wuce ni. Baffa ne yake fara magana, kuma ba ya fara ta da kaya. Sai ya wanke hannu, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To, Goronyo lahiya lau. Ruwan dam ya ja baya kaɗan. Limamin unguwarmu ƙahwa ta matsa mai, a sa shi addu'a."

Daga nan sai wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da jakin wane da ya ɓace aka gan shi a Shinaka. Sai tuwo ya kusa hucewa sannan zai zo kan albasa: abin da ya shigo, abin da ya fita, wadda ta fara tsiro, wadda za ta iya jira. Sannan babanku ya faɗi na Wurno, Sani ya rufe da na Rabah. Lokacin ina amarya na ɗauka ɓata lokaci ne. Sai da na daɗe a gidan na gane cewa a wannan zaman ne Baffa yake zama uba gare su. Bai yi boko ba, karatunsa na allo ne da na littattafan zaure. Babanku ne mai takarda, shi ne mai waya da mutanen kudu. Amma in ana zancen Goronyo, babanku yakan ce wa kowane mai saye, "Bari in tambayi Yaya."

Sai zamani ya juya. Hanya ta lalace, ba don ramuka ba. Kun san abin da ya sami ƙauyukan gefen Goronyo da na Gandi, ba sai na maimaita ba. Duk Juma'ar da Baffa ya kamo hanya, sai na ji sallamarsa a ƙofa hankalina yake kwanciya. Ga masu saye ba su da haƙurin da. Mutum zai bugo daga kudu ya ce motarsa na hanya, yana son a cika ta, a ina kaya suke? Kafin a sami Goronyo a waya, a sami Rabah, ya riga ya juya wani wuri. Albasa kuwa ba ta jiran kowa, in ta ga dama sai ta ruɓe a rumbun Rabah alhali ana nemanta a Wurno.

A wannan lokacin Kulu ta gama jami'a a Sakkwato, ta yi hidimar ƙasa ta dawo gida. Abu na farko da ta yi, ta sa kwamfuta a kowane sito, ta koya wa akawun wurin ya riƙa shigar da duk buhun da ya shigo da wanda ya fita. Baffa bai ƙi ba. Har suna ya sa wa tasa, akwatin Kulu, yana lulluɓe ta da tsohon rawaninsa don ƙura. Amma kowace kwamfuta abin da ke cikinta nata ne ita kaɗai, ta Goronyo ba ta san ta Rabah ba. Shi ne Kulu ta shiga aikin haɗa su. Watanni ta yi a kai. Takan zauna a kan turmi a bakin madafa, kwamfuta a cinya, ina tuƙa tuwo tana yi mini bayani, ko da yake ina jin kanta take yi wa.

"Inna, kin ga kowane sito yana da ma'ajiyar bayanai tashi. Na sa wani ɗan aike cikin kowace, ba mutum ba, manhaja ta. In anka jima kaɗan sai ya tashi ya diba mi yac canza, ya ɗauka ya kai babbar ma'ajiya ta intanet. Shahin nan kuma can yaka ɗibowa ya zana."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Shafi ne guda, ta kira shi allon rahoto. An raba shi gida uku, Wurno, Rabah, Goronyo. Kowane gida da abin da ke cikinsa, albasa daban, tafarnuwa daban. Sabon kaya kore ne, wanda ya kwana biyu ruwan ɗorawa, wanda ya kusa lalacewa ja. Ina kallo sai lambar Rabah ta motsa da kanta. Ta ce yanzu aka sauke kaya can. Na yi makarantar sakandare, na san lissafi, amma ban taɓa ganin lissafi yana numfashi ba. Zuciyata ta cika har na ji ƙwalla. Abin da na ce mata kawai shi ne ta janye ƙafarta, wuta na tsalle.

Akwai wani kamfani na kudu mai busar da albasa da niƙa tafarnuwa. Kulu ta nuna musu allon, ya burge su ƙwarai. Suka ce za su riƙa ɗaukar kaya a wurinmu duk shekara, kuma za su ba ta aikin yi wa sauran dilolinsu irinsa. Sharaɗinsu ɗaya ne: bayanan su riƙa zuwa da kansu, kada hannun mutum ya shiga tsakani. Babanku ya yi ta murna kamar yaro. Kuma a cikin murnar ne aka yi kuskuren. Bai zaunar da Baffa ya gaya masa abin da ake yi ba. A waya ya ce masa Kulu za ta zo ta gyara akwati, Baffa ya ce ta zo ta gyara. Babanku so yake ya ba yayansa mamaki.

Juma'ar da abin ya faru ina wurina na kullum. Baffa ya wanke hannu, ya fara da dam, ya bi ta kan wata haihuwa, ya iso kan kaya. Ya ce, "Albasar da munka ɗauko wajen mutanen hwadama kuwa..." Sai na ji muryar babanku, da fara'arsa.

"Yaya, ai na gani. Ga ta nan. Ta shigo shekaranjiya, rabi ya hita jiya da marece, sauran ta koma ruwan ɗorawa. Diba, har tahwarnuwarka ga ta."

Ba ƙarya ya faɗa ba, ko buhu ɗaya bai kuskure ba. Na ji Sani ya yi tari irin na wanda ba tari ke damunsa ba. Can Baffa ya ce, a hankali:

"Ashe ka sani."

"Aikin ɗiyarka na, Yaya. Yanzu ko ba ka taso ba..."

"I. Ko ban taso ba. Allah shi yi mata albarka."

Da aka dawo da kwanuka na ga gefensa na tuwon, loma biyu ya yi. Bai tsaya la'asar ba. Ya leƙo ya ce, "Amarya, mun gode," don haka yake kirana har na yi jikoki, ya tafi tasha.

Juma'a ta zagayo bai zo ba. Wata ta zo, bai zo ba. Gidan Goronyo a allo ya daskare a wuri ɗaya, akawu ya bugo ya ce Baffa ya zare wayar akwatin daga bango ya naɗe ta ya sa a aljihu. Babanku ya buga ya buga, a gaisa lafiya lau, da ya ɗauko zancen sai Baffa ya ce ana kiran salla. Sannan Sani ya zo wata Talata, ba ranar zuwansa ba, ya zauna a zaure yana murza hula. Saƙon da ya kawo shi ne Baffa ya ce a kira malamai bayan an kwashe albasar rani, a raba gado, kowa ya riƙe nasa. Babu faɗa, babu zagi. Abin da kakanku ya bari a haɗe, aka riƙe shi a haɗe tun kafin a haifi Kulu, zai rabu gida uku kamar yadda yake a allon.

Babanku ya daina cin abinci sosai. Yana ta cewa, "Mi niy yi? Na zarge shi da wani abu? Don kar shi riƙa bin hanyag ga ta tsoro na." Gaskiyarsa ce, don tausayi ya yi. Amma na san in ya je da kansa, da wannan bayanin zai je, kuma bayanin ne ciwon. Sai na nemi izni in je Goronyo duba matar Baffa da ke fama da ciwon ƙafa. Ya dube ni, ya san ba ƙafa ce za ta kai ni ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na shiga bas da safe, ina ta jan carbi, na ƙarasa gidan a kan kabu-kabu. Bayan azahar Baffa ya shigo cikin gida. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Amarya, shi ya aiko ki?"

"A'a, Yaya. Tuwona da anka maido ya aiko ni."

Ya yi 'yar dariya. Can ya ce:

"Rumbun hatsin gidanku, wa ka buɗe shi?"

"Maigida."

"To in wani yaz zo yac ce ya san abin da ac ciki, dami kaza, kuma gaskiya yah hwaɗi, daɗi za ku ji? Tun ran da munka rufe tsohonmu ban ɓoye ma yaron nan ko albasa guda ba. Amma ni ka hwaɗa mai. Da bakina. In ya riga ya sani, mi za ni zuwa yi Wurno? Cin tuwo? Akwai tuwo Goronyo."

Ban yi masa gardama ba. Na tuna da duk Juma'o'in da na ji shi yana jan zance kafin ya iso kan kaya, na gane ashe ba jan zance ba ne, ƙofa yake buɗewa a hankali, da hannunsa. Na ce:

"In anka maido mabuɗin hannunka fa? Akwatin ba ya aika komi sai ka ce ya aika."

Sai ya tambaye ni:

"Ɗiyar ta yarda?"

"Ban tambaye ta ba tukun."

"Ban son a karya mata zuciya sabadda tsoho, Amarya."

Bai ce a'a ba. Da wannan na dawo.

Babanku ya yarda nan take, amma ya ce ba zai iya kallon idon Kulu ya gaya mata ba. Ni na gaya mata, da hantsi, tana shanya wanki. Na san abin da nake roƙo, don ta sha yi mini bayanin sharaɗin kamfanin. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Inna, in sai an danna sannan ya aika, ai ba allon rahoto ba na kuma. Ya koma saƙon baki. Mutanen nan sun ce ba su son hannu tsakani."

"Na sani."

"A bar Wurno da Rabah su kaɗai ba su isa ba. Rabin kayan Goronyo yake."

"Na sani."

"Ya hi son ya riƙa bin hanyar da aka tare mutane, da ya bari waya ta hutar da shi?"

"Ba hutu yaka nema ba. Ki bar mai abin da zai zo da shi."

Sai ta ajiye zanen a bokiti, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tun da nif fara aikin ga, ko sau guda ba ki ce min ya yi kyau ba. Yau da kinka buɗe baki kanshi, cewa kinka yi in rage shi."

Maganar tana bakina, Allah ne shaida. Amma haka aka rene ni, ba a yabon ɗan fari, ba a nuna shi, uwata ba ta yi wa yayana ba. Na sunkuyar da kai na ɗauki zanen na matse na shanya. Ita kuma ta shiga ɗaki. Kwana biyu bayan haka ta tafi Goronyo. Ta kwantar da ɗan aiken nan na cikin akwatin Baffa, ta sa masa wani babban maɓalli kore a fuskar kwamfutar, wanda ko ba ka iya boko ba ba za ka ɓata shi ba. In bai danna ba, gidan Goronyo a allo toka-toka yake zama, da rubutu ƙarami: ana jiran Baffa. Ba ta yi aikin da ha'inci ba, ta yi shi da kyau kamar na farkon. Kamfanin suka yi godiya suka janye, da sayen da aikin duka. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ita ta biya, ba ni ba, ba babanku ba. Daga baya ta sami aiki a Sakkwato ta koma can. Tana bugo waya, tana gaishe ni yadda ya kamata, amma gaisuwar ta yi siriri, kuma ta daɗe a haka. Ban ce na yi kuskure ba. Ko yau aka dawo da ni bakin igiyar shanyar nan, abin da zan roƙa ke nan. Amma kada wani a cikinku ya ce abin ya zo kyauta. Kuma tunda biro ya riga ya karya kunyar, Kulu, aikinki ya yi kyau. Tun ranar da lambar Rabah ta motsa a bakin madafa ya yi kyau.

Baffa ya dawo Juma'ar da ta biyo. Ba wanda ya ta da zancen malamai ko rabo, har yau. Ya fara da dam kamar bai taɓa fashi ba. Da ya gama faɗin kaya da bakinsa, sai ya ciro 'yar wayarsa ya buga wa akawu ya ce, "To, danna." Muna ji babanku ya ce ga shi ya shigo. A sauran ranaku ma haka, sai ya bugo wa ƙanensa bayan la'asar ya gaya masa, sannan ya danna da yatsansa. Allon ya yi amfani ko a hakan. Albasar Rabah ta daina ruɓewa a ɓoye, kuma ranakun da hanya ta yi muni Baffa yakan yi zamansa ya yi Juma'arsa ta waya, ba tare da ya ji an sallame shi ba.

Shekaru suka wuce, ciwo ya kwantar da shi. Sai muka juya Juma'ar, mu muke zuwa Goronyo. Wata Juma'a Kulu ta zo daga Sakkwato da goyonta, muka tafi tare. Yana kwance a kan gado, ya rame, an jingina shi da matashi. Ni da matarsa muna bakin ƙofa. Ya kira Kulu.

"Kulu, abin nan da kinka ɗaure sabadda ni, kwance shi. Yatsana ya gaji. Ƙanena shi riƙa gani."

"Baffa, ka tabbata?"

"Ni nic ce. Wancan karon ba a tambaye ni ba."

Ta fita zuwa sito, ba ta daɗe ba ta dawo. Aikin da ya ci mata kamfani guda, kwance shi bai kai tsawon shan fura ba. Ta karɓi wayar babanku ta buɗe allon ta miƙa masa. Daga inda nake ina hango shi, gida uku duk sun kawo launi, na Goronyo yana motsi da kansa. Babanku ya karɓa. Sai na ga ya ɗora babban yatsansa a kan gidan Goronyo ya rufe shi ruf. Ya matsa kusa da gadon.

"Yaya, mi al labarin Goronyo?"

Baffa ya dubi yatsan, ya dubi ƙanensa. Ya yi ƙoƙarin gyara zama, aka taimaka masa. Ya yi gyaran murya.

"To, Goronyo lahiya lau. Ruwan dam ya ƙaru."

Kulu ta juyo ta dube ni. Ta zo ta zauna kusa da ni a bakin ƙofa, ta kwanto jaririn ta ɗora mini a cinya.

Da damina ta gaba muka rasa shi, Allah ya haskaka kabarinsa. Babban ɗansa ne a siton yanzu, allon yana aiki da kansa dare da rana, kuma tukunyar tana nan guda. In kun ga babanku ranar Juma'a ya dafe gefen waya da yatsa yana tambayar ɗan yayansa labarin Goronyo, ba rashin iya waya ba ne. Ku bar shi ya ji da kunnensa.